Waken da Ya Daina Tsalle

Ƙarfe bakwai na safe, an kwana ana ruwa, gari ya waye fes, rana ta fara taɓa kan duwatsu. Irin safiyar da muke jira ke nan duk shekara. Ni da Nana Chencha, kakata ta wajen uba, muna tsugune a cikin kwazazzabon da ke bayan gidanmu, ba mai cewa uffan. Tsintar wake ba da ido ake fara ta ba, da kunne ne. Sai ka yi tsit har ɗumin rana ya sauko kan ganyen da ya zube, sannan ka ji ƙas, ƙas-ƙas, kamar yayyafi na farawa a kan rufin kwano. Inda ƙarar take, nan za ka kai hannu.

"Hagunka, Fidencio," in ji Nana, ko ɗago kai ba ta yi ba. "Uku ne. Ɗaya malalaci ne irinka."

Uku ɗin ne kuwa. Biyu suna ta birgima, na ukun sai da na hura masa iskar baki a tafin hannu kafin ya motsa.

Wake muke ce masa, wake mai tsalle, amma ba a dafa shi. 'Ya'yan wani ɗan itace ne, da 'yar tsutsa a ciki. In ta ji zafi sai ta yi ta fizgar jiki, ƙwayar ta yi ta tsalle tana neman inuwa. Da damina muke tsinta, mu kai Alamos ranar Lahadi, daga can a tafi da shi garuruwan da ban taɓa zuwa ba, yara su yi wasa da shi.

Kowa a ƙauyenmu kan dutse yake hawa tsinta. Nana ma can take hawa tun tana 'yar shekara bakwai, har gwiwoyinta suka ce sun gaji. Sai ta koma wannan kwazazzabo, tafiyar da ba ta fi shan kofi ɗaya ba, kuma ba hawa. Itacen da ke nan dabam yake da na kan dutse. Wakensa ya fi ƙanƙanta, ya fi zagaye, biyu-biyu yake zuwa a kwanso, na dutse kuwa uku-uku. Tsalle dai duk tsalle ne. Kwana biyar muka yi, kwandon Nana ya cika.

Ranar Lahadi muka hau bayan motar ɗaukar kaya zuwa Alamos. Don Liborio ne ke sayen wake, a barandar da ke kallon dandali. Tsoho ne mai gashin baki, shi ya riƙe babana ranar baftisma, saboda haka shi da Nana Kompadre da Komadre suke kiran juna, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin sun haɗu ba su tsokani juna ba. Aikinsa ɗaya ne: ya zuba wake a faranti, ya tura bakin rana. Wanda ya motsa ya shiga buhu, wanda ya yi shiru a watsar. Haka kowa yake yi, haka Nana ta koya mini.

Ya leƙa kwandon, ya ɗauko ƙwaya ɗaya ya kai ta kusa da ido.

"Komadre, me kika kawo mini yau? Kashin awaki?"

"Kashin awaki ya taɓa yi maka rawa, Kompadre? Zuba ka gani."

Ya zuba. Farantin ya ɗauki ƙara. Na zaci zai yi dariya ya jawo buhu, sai na ga ya ture farantin gefe.

"Wannan ba na gaske ba ne."

"Kamar yaya ba na gaske ba? Aljani ne ke motsa shi?"

"Ban san abin da ke motsa shi ba, matsalar ke nan. Masu saye a hannuna ƙetare iyaka suke da shi, takardarsu ƙwaro ɗaya ta sani, na kan dutse. In suka buɗe buhu suka ga baƙuwar fuska, duk kayan za su dawo mini da su. Itace dabam, ƙwaya dabam, ai tsutsar ma dabam ce. Jabu ne, Komadre."

Da a kunne ya faɗa mata da sauƙi. Amma layi ne a bayanmu, mutanen ƙauyuka uku, wasu ma ita ta koya wa iyayensu tsinta. Wani ya yi dariya. Nana ba ta rama ba, abin da ya tsorata ni ke nan. Ta juye wakenta a kwando da kanta, ta yafa mayafinta.

Don Liborio ya ga ya wuce wuri, sai ya sassauta murya. "Ki kawo mini shaida cewa abu ɗaya ne, ni da kaina zan ɗauki kwandon."

Da muka koma gida ta watsa waken a gindin itatuwan da muka tsinto shi, ta rataye kwandon a ƙusa, can sama, inda sai an taka kujera. Washegari rana ta fito kamar jiya, amma Nana ba ta tashe ni ba. Na same ta zaune a ƙofar ɗakin girki, hannuwa a cinya, tana kallon kaji. Nana da hannu a cinya, ban saba gani ba.

Akwai wata mata a Alamos da nake kai wa cukun awakinmu duk Lahadi, Malama Otilia. Ta koyar da ilimin halittu a sakandare har ta yi ritaya. Ni a aji huɗu na tsaya, ban kai gare ta ba, amma duk garin Malama ake ce mata. Bangon falonta cike yake da akwatuna masu murfin gilashi, ƙwari jere a ciki, kowanne da fil a bayansa da 'yar takarda a ƙarƙashi. Kullum a ƙofa nake tsayawa. Ran nan na daɗe a tsaye, ina juya hula, har ta ce, "Cukun ne ya yi tsami ko kai ne?"

Na ba ta labari, na zaro waken Nana guda biyar daga aljihu.

Ta saka tabarau ta jujjuya su. "Fidencio, me ke fitowa daga cikin wake?"

"Ba abin da ke fitowa, Malama. Tsutsa ce a ciki."

"In ta girma fa?"

"Mutuwa take yi. Sai ya daina tsalle, mu zubar."

Ta yi dariya har ta zauna. Ba dariyar raini ba, irin ta wanda ya tsinci abu ce. Ta sauko da wani akwati ta nuna mini da ɗan yatsa. Wani ɗan faɗa-wuta ne mai ruwan toka, bai kai farcen ƙaramin yatsana ba. Kusa da shi an soke wake irin na kan dutse, da wata 'yar ƙofa a jikinsa, zagayayya tas kamar an huda da ƙarfe.

"Ga mai gidan," in ji ta. "In wake ya yi shiru, ba lallai mutuwa ya yi ba. Tsutsar ta gama cin abincinta, ta yanka ƙofa ta bar ta a rufe, ta kwanta tana canza jiki. Ku mutanen tsinta kun fi kowa sanin wake mai motsi. Ranar da ya daina motsi kuke juya masa baya, ranar kuma labarinsa yake farawa."

Na ce, "To na Nana fa? Shi ne?"

"Ban sani ba. Ba zan ce maka eh don ka ji daɗi ba. Tsutsotsi da yawa kama suke da juna, wahalar ba su suna ke nan. Sai ya fito da fukafukansa na ajiye shi kusa da wannan. Ka samu kwalba mai faɗin baki, ka zuba kamar hamsin, ka ɗaure bakin da ƙyalle. Wuri mai sanyi, ba rana. Duk mako ka yayyafa musu ruwa kaɗan, kamar raɓa."

"Sai yaushe?"

"Sai bazara mai zuwa. Wata tara ko goma."

Na ce ai ni jira ba ya damuna. Ta ce ta sani, shekara uku tana ganina ina jiran ta ta nemo makullin ƙofa ban taɓa yin tsaki ba.

Na koma kwazazzabo ni kaɗai na tsinto hamsin da 'yan kai. Kwalbar na ajiye ta a kan kantar ɗakin girki, bayan gwangwanin gishiri. Ban gaya wa Nana dalili ba. Na ji tsoron in sa mata rai, ƙarshe kuma Don Liborio ya zama shi ke da gaskiya. Da ta tambaya na ce sha'awa ce kawai.

"Ƙato da kai, da gemu, kana kiwon wake," in ji ta. "Mata fa, yaushe za ka fara kiwo?"

Amma na lura in tana murza tortiya, wainar masararmu, da safe, wuta ta ɗumama ɗakin, kwalbar ta fara ƙas-ƙas, sai hannunta ya bi kiɗan. Wani lokaci har magana take yi musu. "Ku yi haƙuri, jabu," take cewa, "yanzu zan rage wutar."

Damina ta wuce, duwatsu suka koma launin ƙasa. Aka yi bikin tunawa da matattu, aka yi Kirsimeti. Duk Asabar ina tsoma yatsu a ruwa ina yayyafawa. Ƙarar kwalbar ta yi ta raguwa. A watan Fabrairu guda biyu ko uku ne ke motsi. A Maris shiru.

Wata la'asar na dawo da awaki, na shiga shan ruwa, na ɗaga ido. Kwalbata na nan a bayan gishiri, an wanke ta tana ƙyalli, cike da jan barkono.

"Nana! Ina wakena?"

"Gawarwakin? Na zubar maka. Kwana huɗu ina gwada su a faranti, ko ɗaya bai motsa ba. Na ga ba ka da zuciyar zubarwa ne."

"Ina kika zuba?"

"Inda ake zubawa mana. Bayan ɗakin kaji."

Ban san na iya gudu haka ba. Jujin toka ne a wurin, da ɓawon ƙwai da ganyen masara, kaji kuma sun riga ni, sun tone shi sun baje. Na durƙusa ina tona da hannu. Nana ta biyo ni da sandarta, a hankali, tana faɗa.

"Ka haukace ne? Ka bari damina ta zo na tsinto maka buhu."

A nan, gwiwa cikin toka, na gaya mata komai: Malama Otilia, akwatin, ɗan faɗa-wutan, ƙofar. Na samo ƙwaya ɗaya, na goge ta a riga, na juya ta wajen haske. Da ƙyar ake gani, amma ga shi nan, wani siririn zobe a jikin ɓawon.

Idon Nana ba ya kai wa irin wannan. Ta karɓa, ta shafa da kan yatsa, ta sake shafawa. 

"Kana nufin yana ciki? Da ransa?"

"Haka Malama ta ce."

"Shekara sittin da wani abu," in ji ta. "Shekara sittin ina zubar da masu barci." Sai ta dafa kafaɗata ta sauko ƙasa, gwiwoyin suna ƙara. "Matsa. Kai ba ka iya nema ba."

Ta kori kaji da sanda, ta aike ni rariya. Muka tankaɗe jujin nan kaf kafin rana ta faɗi, mun yi fari fat kamar masu aikin niƙa. Goma sha ɗaya muka samu. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa: bakwai masu ƙofa. Barkonon ta juye a kwano, ta mayar da bakwai ɗin gidansu, ta ɗaure ƙyallen da kanta. Daga ranar yayyafin Asabar ya bar hannuna. Wai ni hannuna ya yi nauyi, zan nutsar da su.

A tsakiyar Mayu, zafi ya kai inda karnuka ba sa haushi, wani abu ya fito. Da safe muka gan shi yana yawo a jikin gilashi: baƙi, siriri, da matsattsen ƙugu. Ko kusa bai yi kama da na akwatin Malama ba. Nana ta dube shi ta dube ni.

"To," ta ce. "Kompadre ya ci." Ta koma kan tortiyarta, ba kiɗa.

Ban jira Lahadi ba. Na sa shi a 'yar kwalbar magani, na bar wa maƙwabcinmu awaki, na bi motar madara. Malama Otilia ta duba sau ɗaya ta yi tsaki.

"Wannan ɓarawo ne, ba mai gida ba. Ɗan zanzaro ne. Uwarsa ta saka ƙwai a jikin tsutsar, ya cinye ta, ya gaje ɗakin. Dubi, fukafukansa garau suke kamar gilashi, na faɗa-wuta kuwa hoda ce a jikinsu. Saura nawa?"

"Shida."

"Koma ka ci gaba da jira. In ya fito kada ku taɓa shi da hannu. Zanen fiffiken nan hoda ce, in ta goge ba abin da zan karanta."

Da na gaya wa Nana, sai ta ce ita dama tun da ta ga ƙugunsa ta san ba mutumin kirki ba ne.

Ranar tara ga Yuni, da la'asar, gajimare sun fara taruwa a kudu amma ba ruwa tukuna. Ina kan tudu da awaki na ji ana kiran sunana. Na leƙa. Nana ce, ta hawo kusan rabin tudun da ta shekara biyu ba ta taka ba, ba sanda, mayafi a hannu tana kaɗawa.

"Fidencio! Sauko, malalaci! An buɗe ƙofa!"

Muka sauka tare, tana riƙe da hannuna tana ba ni labari numfashi sama-sama. Wai tana tsince wake na miya ta ji ɗan ƙas, ta waiga, ta ga ƙofar ta ɗago kamar murfin tukunya. Wai ɗan faɗa-wutan ya fito a jiƙe, a yamutse, kamar Don Liborio in ya tashi barcin rana.

Yana nan a jikin ƙyallen, ya naɗe fukafukai a bayansa. Ruwan toka, da ɗan duhu-duhu. Ɓawon da ya tuɓe ya tsaya a bakin ƙofar, rabi ciki rabi waje. Muka zauna a ƙasa muna kallonsa har awaki suka dawo gida da kansu. Kafin Lahadi wasu biyu sun fito.

Nana ta sa rigarta ta coci, ta rungume kwalbar a cinya cikin mota, ta rufa mata mayafi saboda rana. Duk wanda ya matso sai ta ce masa ya yi hankali, jarirai ne.

Malama Otilia ta duba su ta cikin gilashi, ta zaɓi ɗaya, ta ce namiji ne kuma shi take so. Ta ce sai ta sa shi a firij ya yi barcin da ba tashi, sannan ta buɗe fukafukansa su bushe. Na ji ba daɗi, wata goma muna tare. Ta ce dama kwanakinsu kaɗan ne bayan fitowa. Na ce na gane, amma na fita tsakar gida na kalli itacen lemonta har ta gama. Sauran biyun, da yamma muka kai su kwazazzabo, Nana ta kwance ƙyallen a gindin itacensu, wanda ya fara fitar da 'yan furanni.

Lahadin da ta biyo baya, Nana ta bi ta baranda ta kamo Don Liborio a hannun riga.

"Komadre, ina da aiki."

"Wane aiki, damina ba ta sauka ba? Kai ka nemi shaida. Taho ka sha."

A falon Malama an jera su biyu a kan farin allo, fukafukai a buɗe: na kan dutse a dama, na Nana a hagu. Ta ba mu madubin hannu, ta riƙa nunawa da bakin fil. Ga tsawon fiffike, ta auna, kusan ɗaya. Ga ƙananan zane-zane a gefen gaba, kamar an ja su da allura. Ga duhun da ke wajen ƙarshe. Na Nana ya ɗan fi haske.

"Kin ji ko!" in ji Don Liborio. "Ya fi haske."

"Kai ma ka fi ƙanenka haske, an ce ba babanku ɗaya ba?"

Malama ta ce su dakata. Launi yana iya ruɗin mutum, nata ya shekara goma sha biyu a akwati, wannan kuwa sabo ne. Akwai inda ba ya ruɗi. Ta jawo babban madubinta mai ƙafa, wanda ake leƙawa ta sama, da wasu 'yan gilasai biyu da ta riga ta shirya. Ta ce a irin waɗannan ƙananan faɗa-wuta, abin da ke raba iri da iri yana can ƙarshen cikin namiji, kayan da yake riƙe mace da su. Kowane iri da ƙirar nasa.

Don Liborio ya cire hula. "Malama, a gaban Komadre?"

"'Ya'ya tara na haifa," in ji Nana. "Matsa in ba ka iyawa."

Shi ya fara leƙawa. Ya daɗe, ido ɗaya a rufe, gashin baki yana motsi. Malama ta canza gilashi, ya sake leƙawa. Ya ce a mayar da na farko. Aka mayar. Da layi ya zo kaina na ga wani abu kamar 'yan cokula biyu masu gashi, sun buɗe kamar hannuwa. Aka canza, na sake ganin 'yan cokulan nan, lanƙwasa ɗaya, gashi a wuri ɗaya. Malama ta buɗe wani littafi mai kauri ta nuna mana zanensu, shi ma haka.

"Iya abin da idona da littafina suka kai," in ji ta, "iri ɗaya ne. Ƙwaro ɗaya, gida biyu. Uwar ba ta damu ba, ta samu wannan itace ta saka ƙwai, ta samu wancan ta saka. Zan rubuta maka takarda, Don Liborio, ka nuna wa masu saye, duk mai shakka ya zo ya leƙa."

Nana ba ta yi ihu ba. Ta gyara zama, ta naɗe hannu, ta kafe Don Liborio da ido tana murmushi. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya duba ƙwarin bango.

"Menene sunansa?" ta tambayi Malama, ba ta ɗauke ido daga kansa ba.

"Cydia saltitans."

"Me ke nan?"

"Kalma ta biyun tana nufin mai tsalle-tsalle."

"Allah sarki. Duk karatun nan da suka yi, abin da suka gano ke nan? Da sun tambaye ni."

Malama ta yanko 'yar takarda da ba ta fi farce ba, ta yi rubutu da siririn alƙalami, ta soke ta a ƙarƙashin ɗan faɗa-wutan. Ta ce in karanta. Na karanta a hankali, yadda na iya. Sunan ƙauyenmu. Kwazazzabon bayan gida. Tara ga Yuni. Sannan layin ƙarshe, wanda ta ce nan ake sa sunan wanda ya samo: Crescencia Yocupicio, cikakken sunan Nana.

"Ni?" in ji Nana. "Ai yaron nan ne ya ajiye. Ni zubarwa na yi."

"Wa ya gano kwazazzabon?" in ji Malama.

Nana ta ce in sake karantawa. Na sake. Ta ce wa Don Liborio shi ma ya karanta, da ƙarfi, wai kunnenta na hagu bai ji ba.

A hanyar fita ya ce, "To, Komadre, ki kawo bana."

"A baranda ka ce jabu, gaban mutane. A baranda za ka janye."

Ya janye kuwa. Ruwan farko ya sauka ƙarshen watan, wake ya zubo a Yuli, na taka kujera na sauko da kwandon daga ƙusa, Nana ta karkaɗe masa yanar gizo. Lahadin farko layi ya kai har bakin dandali. Da muka iso Don Liborio ya taso ya karɓi kwandon da hannunsa, ya hau kan buhu ya ce, jama'a su shaida, waken Komadre na gaske ne, ya gani da idonsa, har inda bai kamata ya gani ba. Aka yi ta dariya. Da ya zo watsar da waɗanda ba su motsa ba, Nana ta tare hannunsa, ta tsince su cikin mayafi, ta ce waɗannan gida za su koma. Ya ce ai yanzu da damina wanda ya yi shiru mutuwa ya yi da gaske. Ta ce ta sani, amma ta daina yanke wa kowa hukunci a faranti.

Daga nan ta wuce coci, ta ce in same ta bayan na kai wa Malama cuku. Na kai, na sha ruwan lemo, na tsaya na gaida akwatin. Da na fito rana ta take tsaka. Na biyo ta baranda, layi ya watse, Don Liborio ya ci ya ƙoshi, yana kan kujerarsa hula a fuska, yana minshari. Inuwa ta janye ta bar farantansa uku a tsakiyar rana, waken yana ta tsalle kamar a kasko. Irin wannan zafin, in ya daɗe, kashe su yake.

Na ja farantan ɗaya bayan ɗaya zuwa gindin ginshiƙi, a hankali don kada ƙarfe ya yi ƙara. Na tsaya har tsallen ya lafa, ya koma ƙas, ƙas-ƙas. Bai farka ba. Na gyara hulata na nufi coci.